Albasar da aka tara wa ɗan maƙwabciyata

Ni ba mai yawo ba ce. Yawancin abin da na sani na duniya, ta bisa katanga na ji shi. Ta nan kuwa na ji an ce kamyo, babbar motar kaya, ya buge ɗan maƙwabciyata a hanyar Buza, shi da motonsa, babur na kabu-kabu. Aka kai shi likita. Lokotoro ya ɗaure ƙafar da ta ji rauni, ya ce a gaggauta kai shi babban asibiti tun naman bai mutu ba, in an jima sai yanka. Uban yaron yana ci-rani bakin teku, waya ba ta samunsa.

Bayan Juma'a liman ya ce gobe gudummawa, a ƙofar gidansu. To, lokacin cirar albasa ne. Ba mai ko dala a aljihu, dukiyar kowa tana garka. Tun da hantsi amalanke ke shigowa, wannan buhu, wancan kwando, har wata makauniya ta aiko da 'yar ƙwaryarta. Kafin azahar albasa ta tushe ƙofar gida, sai an raɓa ake shiga. Muna cikin gida muna dama fura, na ji daɗi a raina, na ce yaron nan ya tsira.

Sai dillali ya zo. Ina bayan zana ina ji. Ya faɗi farashi.

Ƙanen uban yaron ya ce, "Wanga ba ciniki ba ne, zagi ne."

Dillali ya ce, "Baba, ka leƙa tasha ka gani. Ko jaki ya ƙoshi da albasa bana."

Wani tsoho ya ce kunya ce a watsar da kyautar mutane a wulaƙance. A jira kasuwar Sabon Gida, kwana nawa ne? A wurinmu albasar kaka ba a sai da ta da gaggawa, rudu ake sa ta, ɗakin kara mai shan iska, har ta yi daraja. Kowa ya ce haka ne.

Na koma wurin uwar, tana wanke ƙore. Na ce, "Yaya, ki yi magana. Ƙafa ba ta jiran kasuwa."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "In ce mi? In tsaya gaban maza ina kuka bisa ɗan fari?"

Ɗanta na fari ne. Ko sunansa ba ta taɓa kira ba, ko likita ba ta je dubiya ba, don alkunya.

Na aika aka kira mini maigidana zaure. Na ce, "Malam, ku sayar ko nawa ne." Ya ce, "Wadda ta haife shi ba ta ce komi ba, ke ce za ki ce?" Shirunta suka ɗauka yarda. Na koma na ci gaba da damun fura, don ba ni da wani abin yi.

Ranar kasuwa farashi ya ƙara faɗuwa. Dole aka sai da rabi, aka ɗauki mota zuwa babban asibiti. Wanda ya raka yaron ya ce tun a hanya suka buɗe tagogi saboda wari. Ƙasan gwiwa aka yanke.

Rabin da ya rage aka zuba rudu. Da damina ta yi kuɗi sosai, yadda tsofaffin suka faɗa. Da su aka saya masa injin niƙa, yana zaune bakinsa da sandunansa jingine. Can nake kai gerona, yana tsokanata wai tsakuwar cikinsa za ta karya masa inji.

Uwar ba ta zuwa. In na dawo sai in ji muryarta ta bisa katanga, ƙasa-ƙasa: "Kin biya wurin mai inji? Ya ci abinci?"