Mai Gyaran Halin Karnuka

Sannu-Sannu ake ce masa, don da wuya ya buɗe baki a wurin aiki bai faɗi haka ba. Shekara goma sha tara ya yi a asibitin dabbobi, yana riƙe wa likita kare a yi masa allura, yana wanke keji. A nan ya lura cewa rabin dabbobin da ake kawowa lafiyarsu ƙalau, halinsu ne ya gagari masu su. Da gwiwarsa ta fara ciwo, tsayuwar yini ta fi ƙarfinsa, sai ya ajiye aikin. Ya yi kwas na wata shida, ya sayi tsohon babur, ya shiga bin gidaje yana gyaran halin karnuka da kyanwoyi.

Sana'ar ba ta da kwarjini. Kayan aikinsa igiya ne da takunkumi da gwangwanin busasshiyar hanta. Bayan hannunsa na hagu duk tabon haƙora da farce ne. Matarsa kullum sai ta ajiye masa bokiti da sabulu a bakin ƙofa, ba ya taka ɗaki sai ya tuɓe rigar aiki. Surukarsa kuwa, in an tambaye ta abin da mijin 'yarta yake yi, sai ta ce, "Yana harkar lafiya," ta yi sauri ta canja magana.

Ba dabbobin ne suka gajiyar da shi ba. Wata mata ta kira shi a kan kyanwarta da ke fitsari a gado. Ya ce ta ɗauke kwanon yashin da kyanwar ke fitsari a ciki daga kusa da injin wanki, ƙararsa ce ke firgita ta. Bayan sati biyu ta bugo waya tana faɗa wai aikinsa bai ci ba. Ya je, ya tarar da kwanon nan daram inda yake. Wani kuma ya ce yana son karensa ya yaga baƙo, amma kada ya taɓa baƙinsa.

"Ranka ya daɗe," in ji Sannu-Sannu, "ta ina zai san wanda ka gayyata?"

Yana da shekara hamsin da huɗu wata nas ta kira shi. Karen mahaifinta ya kai wa 'yarta cafka, ya keta mata siket. "Ko ka gyara shi," ta ce, "ko mu kai a yi masa allura ya huta, mu ma mu huta."

Ya tarar da karen ɗaure da sarƙa a gindin tankin ruwa, ƙato, ja, gashin bakinsa ya fara fari, wuyansa duk ya saɓule. Mahaifin nata tsohon direban jirgin ƙasa ne, shi ya sa wa karen suna Kwandasta. Yana zaune a falo, labule a sake, ɓarin jikinsa na dama a shanye. Sandar ƙarfe mai ƙafa huɗu da aka saya masa tana bayan ƙofa, an rataya mata tawul.

"Baba, yaushe rabon da a fita da shi?"

"Wata bakwai," tsohon ya ce, maganar tana fita da ƙyar. "Tun ranar da na faɗi. Da kullum da safe muke zuwa har bakin layin dogo mu dawo."

Kwana uku Sannu-Sannu yana zama a kan kifaffen bokiti, nesa kaɗan da tankin. Ba ya kallon karen, sai dai ya jefa masa hanta, ya yi shiru. Karen ya yi haushi har muryarsa ta dushe. A rana ta huɗu ya kwance sarƙar, ya shafa masa magani a wuya. Sannan ya koma falo.

"Baba, sai fa ka fito."

"In fita mutane su gan ni ina jan ƙafa?"

"Ni ba likitanka ba ne, ba zan ce maka komai a kan ƙafa ba. Amma karen nan ba muryata yake jira ba."

Tsohon ya juya fuska ga bango. Haka suka yi ta yi har sati guda. Sannu-Sannu ya fara tunanin barin aikin, don hanyar gidan da nisa, ga gargada. Ran nan ya iso sai ya ga tsohon a baranda, riƙe da sandar, gumi na zuba. Daga baranda zuwa ƙofar gida taku goma sha bakwai ne, suka yi su cikin rabin awa. Kwandasta ya bi gefensa na dama, in ya tsaya ya tsaya. Jikar tsohon kuma aka koya mata ta daina gudu a gaban karen, ta miƙa masa hanta a buɗaɗɗen tafin hannu.

A sati na takwas suka kai har shagon da ke kwanar layi, mai shagon ya fito da kujera. Ranar Sannu-Sannu ya dawo gida yana ta ba matarsa labari tun daga bakin bokiti.

"To madalla," ta ce. "Wanke ka shigo, abincinka ya huce."

Ba a yi wata biyu ba nas ɗin ta sake kira. An canja mata wurin aiki zuwa wani gari, dole ta tafi da mahaifinta, gidan da ta samu kuma bene ne, mai gidan ya ce ban da kare. Sannu-Sannu ya bi gida bakwai yana neman mai so. Kowa ya ji shekarun karen sai ya ce zai yi shawara. A ƙarshe ya ɗauki hayar motar kaya, ya kawo shi gidansa.

Matarsa ta tsaya riƙe da ƙugu. "Baban yara, gyara aka ce ka yi, ko kwasowa?"

"Na ɗan kwana biyu ne."

"Ni za ka faɗa wa kwana biyu? Shekara nawa ina aurenka?"

Kwana biyar Kwandasta bai ci komai ba. Sai da Sannu-Sannu ya kira tsohon a waya, ya ƙara murya, ya kara wa karen a kunne. Tsohon ya yi ta ƙoƙarin yin fito da karkataccen bakinsa, iska kawai ke fita. Amma karen ya miƙe, ya zagaya tsakar gida yana nema, ya dawo ya sha ruwa. Washegari ya ci abinci.

Daga nan kullum da safe, kafin ya hau babur, sai Sannu-Sannu ya zagaya unguwa da shi, yana ɗingishi, karen ma yana yi. Duk ranar Lahadi tsohon yakan kira ya tambayi lafiyarsa. Shekara ɗaya da wata biyu suka yi a haka. Wata safiya ya fito da igiya ya tarar karen ya mutu a ƙarƙashin bishiyar gwaba.

Matarsa ta leƙo ta gani. Ta shiga ɗaki, ta fito da tsohon zanen gado, ta miƙa masa ya naɗe shi. Ya haƙa rami a bayan gida, sai da ya huta sau uku kafin ya gama.

Lahadi biyu wayar tsohon tana shigowa yana ƙin ɗauka. A ta uku ya ɗauka, ya faɗa masa. Tsohon ya tambaye shi:

"Ya sha wahala?"

"A'a, Baba. Barci yake yi."

"To. Ka kyauta, ɗana. Allah ya yi maka albarka."

Ranar akwai gida biyu da ke jiransa. Ya kira su ya ba da haƙuri, ya shimfiɗa tabarma a baranda, ya kwanta har la'asar.