Ƙwaya Ɗaya Don Ranar Guɗa

"Hajiya, kuɗin nan ba su kai na kati guda ba."

"To yanko min ƙwaya ɗaya. Zamanin babanka kati nake ɗauka, har ya yi min gyara."

"Gyara a magani? Sai ka ce gyaɗa!"

Muryar matar ce ta sa na waiwaya, a wani shagon magani cikin kasuwar Sabon Gari. Dattijuwa ce siririya, ta ɗaure goshi tamau da ƙyallen atamfa a ƙarƙashin mayafi, idon hagu a runtse saboda haske. Ciwon ɓarin kai ne, ga takardar likita a hannunta duk ta yi laushi.

A hankali take magana, kamar mai gudun tada jariri. Amma can ƙasan muryar akwai wani zaƙi irin na matan Fagge da muna yara, masu kama hanci su rangaɗa guɗa har unguwa ta san amarya ta fito. Ina jin tana cikinsu.

Mai shagon, Ibo ne mai Hausar Kano, yana yanka katin da almakashi. Kanta na sara mata, amma ba ta sha ba, ƙullewa take a bakin zane. Wai ta Asabar ce, ranar kai jikarta Raudha ɗakin miji, kuma ba za ta bari wata ta yi guɗar ba.

Har ta kai ƙofa ta dawo.

"Ɗana, ajiye min ƙwayar da ke kusa da wannan zuwa Lahadi. Bayan guɗa kan nan ba ya raga min."