Zakaran da Adawiyya Ta Ƙi Yankawa

Kowa a Takur ya san Adawiyya mai ɗinkin hula. Shan inna ta kama ta tun tana 'yar shekara huɗu a Aujara, kuma tun da aure ya kawo ta Dutse, da keken hannu take zuwa ko'ina. Ba ta roƙo, ba ta son a ce mata "Allah sarki".

Abu ɗaya ne ya taɓa karya mata zuciya. Ta je wani ofishi karɓo takardar makarantar 'yarta, sai ga matakala bakwai a ƙofa. Wasu ƙarti biyu suka ɗauke ta cak kamar buhun gero, mayafinta ya zame, mutane na kallo. Ta dawo gida tana kuka, ta rantse ba za ta sake shiga inda sai an ɗauke ta ba.

To, rannan rediyo ya ce Majalisar Tarayya na duba ƙudurin da zai sa a yi wa naƙasassu hanya a gine-ginen jama'a, har ya tsallake karatu na biyu. Adawiyya ta ce abin da aka karanta har sau biyu ai ya gama! Ta sa aka yanka zakara, ta kira maƙwabta. Cikinsu akwai Malam Gwadabe, tsohon masinja mai son a ce ya san gwamnati. Bawan Allahn nan sai da ya cinye cinya ya suɗe hannu tukuna ya yi gyaran murya.

"Malama Adawiyya, ai da saura. Sai kwamiti ya zauna ya ji bakin jama'a, a yi karatu na uku, ɗaya majalisar ma ta yarda, sannan shugaban ƙasa ya sa hannu."

"Malam, shi ne ba ka faɗa ba tun zakaran na da rai?"

Da majalisun biyu suka amince, zakara na biyu ya tafi. Amma shugaban ƙasa bai sa hannu ba har wa'adin majalisa ya ƙare, aka koma farko. Wannan karon ta ji ciwo ƙwarai.

Ta kiwata na uku. Ranar da aka ce an sa hannu, Malam Gwadabe ya zo da sauri har da wanke hannu. Ta ce, "Malam, koma gida. Sai na ga siminti."

Zakaran ya tsufa, zankonsa ya lanƙwashe, cararsa ta dishe. Wata safiya mai Keke Napep ɗin unguwa ya ce mata ya ga magina a wannan ofishin suna yi wa keke hanya a gefen matakala. Ta jira sati guda simintin ya bushe, ta ci ado, ta tafi. Maigadi ya taso zai tura ta, ta ɗaga masa hannu. Ta murza keken da ƙarfin damatsanta, a hankali, har ta tsallaka ƙofa.

Ma'aikacin ciki ya tambaye ta me ya kawo ta.

"Babu komai, ɗana. Shigowa kawai na yi."

Ta yi wa Allah godiya, ta sa wa duk wanda ya sa baki a dokar albarka, ko da ba ta san sunan ko ɗaya ba. Da yamma Malam Gwadabe ya yi ta fama da naman tsohon zakaran mai tauri, Adawiyya tana dariya hawaye na zuba.