Ƙonannen Hatsi a Filin Kawu

Ina shekara ta biyu a jami'a a Villeurbanne, dab da Lyon, kawu ya kira ni daga Stains, can nesa inda yake zaune. Ƙanen mahaifiyata ne, ɗan kasuwa, kuma shi ya tsaya mini har na baro Maradi. Ko gaisuwa bai bari mun ƙarasa ba.

"Sun tsayar mini da aiki," ya ce.

Ya sayi fili a wani ƙaramin gari kusa da Lyon, zai gina magaza ta ajiye shinkafa da garin rogo. Ana shirin haƙa harsashi sai ga takarda daga hukuma, wai sai masu binciken kayan tarihi sun duba ƙasar tukuna. Suka zo suka tona, suka ce sun ga wani abu, za su daɗe.

"Filin nan ya yi shekaru ciyawa na cin sa, ba wanda ya tuna da tarihi. Sai da baƙar fata ya saya? Ka je ka sa musu ido. Kar ka ce ni na aiko ka."

Ban yi masa musu ba, don ni ma abin da na raya ke nan. Ko dai maƙwabta ne ba su son mu, ko kuma an ga wata dukiya ana ɓoyewa.

Ranar Laraba da la'asar na je na tsaya bayan shingen waya da aka kewaye filin da shi. Mutum biyar ne durƙushe cikin taɓo, suna kankare ƙasa da cokalin magina. Na lura duk ƙasar da suka ɗebo daga wani rami guda ba su zubar da ita. Cikin farin bokiti suke zubawa, su rufe, su yi rubutu, su kai mota. Da na gaya wa kawu sai ya ce, "Ka gani ko? Wa ke rufe ƙasa da murfi in ba akwai abu a ciki ba?"

A zuwana na uku shugabarsu, wata mata mai furfura da takalmin roba, ta tako har bakin waya.

"Kullum ina ganin ka. Ɗan jarida ne kai, ko mai neman ƙarfe?"

Ashe ita ma zargina take yi. Akwai masu shigowa su tone wuri don neman tsofaffin kuɗi. Na ce ɗalibi ne ni. Ta daɗe tana kallona, sannan ta buɗe ƙofa.

Ramin bai kai ƙuguna ba. Zagaye yake, an jera masa duwatsu, da wani siririn lungu da ya fita gefe. Ƙasar bakin lungun ta yi ja jawur. Ta ce nan ake hura wuta, zafi ya bi lungun ya shiga ramin, a sama kuma an shimfiɗa itace an baza hatsi ya bushe. Tun kafin a gina yawancin gidajen garin, in ji ta, shekaru ɗaruruwa.

"Shanya da wuta?" na ce. "Rana fa?"

Ta nuna mini sama. Tun safe ake yayyafi. Ta ce a nan sau da yawa girbi kan zo cikin ruwa, in ba a busar ba hatsi ya yi fumfuna.

Maganar ta shiga kaina, amma na tuna ɗan damfara ma da magana mai shiga kai yake zuwa. Duk da haka na faɗa wa kawu yadda ta ce. Da na gama sai ya jefo mini tambaya.

"Sun ba ka wani abu ne?"

Wannan tambayar ta yi mini ciwo. Kwana biyu ban ɗauki wayarsa ba. A na uku sai ga shi a tashar jirgin ƙasa a Lyon, da babbar riga da jakar takardu.

A filin ya gabatar da kansa, ya ce a buɗe masa bokiti. Matar ta ɗauko ɗaya.

"Ba wannan ba," ya ce. "Wancan na can ƙurya."

Ta ɗaga kafaɗa ta kawo. Ta zuba ƙasar a rariya, ta sa ruwa. Wasu baƙaƙen ƙwayoyi suka taso. Kawu ya ɗebi kaɗan a tafin hannu, ya kai kusa da ido, ya murje ɗaya. Ɗan manomi ne, ya san abin da yake gani.

"Alkama ce," ya ce da ni da Hausa. "Wani ya bar wuta ta ci masa abincin shekara. Allah sarki."

Na zaci magana ta ƙare. A hanyar komawa sai ya ce, "Hatsin na gaskiya ne. Amma wa ya gaya musu yana nan?"

Na ce doka ce, haka ake yi wa kowa a tsakiyar tsohon gari.

"Kai ma ka fara magana kamar su."

Bayan makonni suka kwashe kayansu, suka mayar da ƙasa, aka ba shi izinin gini. Magaza ta tashi kafin sanyi. Bai sake zancen dukiya ba, amma bai daina zargin wani tsoho mai gidan da ke kallon filin ba, wanda ya taɓa gani yana ba masu tonon kofi, wai shi ya tsegunta wa hukuma. Da aka aiko takardar gayyata zuwa bayanin abin da aka gano a zauren gari, ya ce in je ni kaɗai, in zauna a baya, in duba ko tsohon zai zo.

Na je. Tsohon ya zo, ya zauna kusa da ni, ya yi ta gyangyaɗi har aka tashi. Na gaya wa kawu haka.

"Barcin ƙarya ne," ya ce.