Ɗan lanho mai ladabi

Ina zaune a rumfar Baba a kasuwar Magariya, inda yake sayar da wake, sai wayarsa ta yi ƙara. Kunnensa ya yi nauyi, don haka ya buɗe muryar kowa ya ji.

Mai kiran ya ce daga biron lanho yake, wato ofishin haraji. Ya gaida Baba da kwana, da gajiya, ya tambayi iyali, har da yadda damina ta bar mu. Sannan ya ce, "Alhaji, don Allah a yi haƙuri, akwai jikka ashirin da ba ka biya ba. Ka turo ta wannan lamba kafin azahar, in ba haka ba jandarma za su rufe rumfar."

Ni da na yi lakwal, wato boko, nake taƙama da faransanci, tuni hannuna ya kai aljihu. Baba ya riƙe min hannu.

"Yaro," ya ce wa mai kiran, "tun ba a haife ka ba nake biyan lanho. Mutanen nan da ƙafarsu suke zuwa, fuska a murtuke, su karɓa su ba ni takarda mai hatimi. Ba wanda ya taɓa tambayar iyalina, balle ya ba ni haƙuri. Kai ba nasu ba ne."

Ɗif, aka kashe wayar.

Baba ya ci gaba da awon wakensa, yana girgiza kai. "Kaico," ya ce. "Yaro mai tarbiyya haka, a ce ɓarawo ne. Da ma gwamnati ta ɗauke shi aiki."