Bai Zlatko da Batiran Ƙauyenmu

Idan sanyi ya shigo ƙauyenmu na kan dutse, batiran tarakta a ɗaki suke kwana, kusa da murhu, an lulluɓe su da tsohon bargo. Bai Zlatko, dattijon makanikin ƙauyen, shi ya koya wa mutane haka; a wurinmu "Bai" laƙabin girmamawa ne ga dattijo. Da safe yakan sha kofinsa mai ɗaci a tsaye, ya cusa sifana a aljihun kwat, ya bi gida-gida yana kasa kunne. Daga yadda inji ya yi tari yake gane wanda zai tashi da wanda zai yi gardama.

Taraktocinmu tsofaffi ne, sun girmi yawancin masu tuƙa su, kuma dukansu da batir mai ƙarfin lantarki bolt shida aka ƙera su. Motocin yanzu kuwa mai sha biyu suke sha. Tun ina yarinya nake jin ana ce masa ya mai da taraktocin sha biyu, yana ƙi. "Shida ta ishe ta," in ji shi, "in dai wayar mai kauri ce kuma bakinta ba tsatsa. Ku ne dai malalata." Gaskiyarsa ce. Sai dai shi kaɗai ya iya lallashin shidan nan.

A cikin taraktocin akwai wadda rai ya rataya a kanta, ta gidan Radka. Mijinta Stoil yana zuwa wankin ƙoda a birni, kuma idan ƙanƙara ta rufe hanya motar asibiti ba ta iya hawowa. A bakin babban titi take tsayawa, ba ta kuma daɗewa. Radka ce ke sauko da shi a tarakta.

Wata safiya a sanyin bara taraktar ta ƙi tashi. Stoil na zaune a bakin ƙofa cikin barguna, fuskarsa ta kumbura. Bai Zlatko ya leƙa, nan take ya ga matsalar: kan batir ne ya saki. Aikin da ya yi sau ba adadi. Ya ɗora sifana, hannunsa ya hau rawa. Ya sake ɗorawa, ta zame ta nutse cikin ƙanƙara.

Maƙwabcinsu Velko ya rugo da batirin motarsa a rungume. "Bai Zlatko, matsa mu jona wannan!"

"Jona shi ka gani! Ka ƙone mata wayoyi, sai ka goya Stoil a bayanka har titi, mai wuyan bijimi kawai!"

"To ya za a yi? Mutum fa zai mutu!"

Stoil ya ɗago kai da ƙyar. "Ku gama faɗanku a hankali, ni ba inda za ni."

Ba wanda ya yi dariya. Radka ta tona ƙanƙara da hannu ta zaro sifanar. Bai Zlatko ya soke hannayensa a hammata, ya ce, "'Yata, ɗaure. Ƙara. Kar ki ji tausayinsa." Da ta gama ɗaurewa ta murɗa makulli, injin ya juya a hankali kamar ba zai kai ba, ya sake juyawa, sannan ya kama. Sun iske direban asibiti har ya fara juya mota.

Waɗanda suka ga Bai Zlatko a ranar sun ce bai shiga gidan kowa shan kofi ba. Ya daɗe tsaye a wurin yana kallon hannunsa.

Da ƙanƙara ta narke sai ya fara abin da ya yi rantsuwa ba zai taɓa yi ba. Ya bi taraktocin ɗaya bayan ɗaya yana mai da su sha biyu, ta Radka ce farko. Ya canza na'urar caji, ya canza ƙwayayen fitila, ya bar tsohuwar sitata mai tayar da inji, yana gargaɗin kowa kada ya daɗe yana murɗa ta. Inda hannu ya ƙi, sai ya sa mai taraktar ya ɗaure da kansa, shi yana tsaye yana faɗa.

Velko bai bar shi ya huta ba. "A'a, Bai Zlatko, ina shidan da ta ishe ta?"

"Ta ishe ta mana. Ku ne ba ta isa ba. Yanzu ko kai, da wannan kan naka, ka iya tayar da ita da batirin motarka."

Bai Zlatko, kai ne ka rushe abin da ya sa kullum ake nemanka, da hannunka mai rawa, don kada wata safiya a neme ka a rasa. Na kasa faɗa maka wannan a gabanka, ko gaisuwa ma da ƙyar nake haɗa ido da kai. Mun gode, uban taraktoci.

Har yanzu hankalinmu bai gama kwanciya ba. Batiran sababbi ne, injinan kuwa tsofaffi, jikin Stoil kuma sai a hankali. Duk mai wata sana'a a hannu a ƙauyen nan, ya dubi dattijon nan ya sake ta ga wasu tun yana iya tsayawa a kansu.

Ƙanƙarar bana ta fara sauka ranar wankin Stoil. Matar Bai Zlatko ta ce tun da safe ya sa kwat, sifana a aljihu, ya tsaya a bakin ƙofa bai fita ba. Can sai ƙarar taraktar Radka ta taso daga gangare. Ya saurara har ta yi nisa, sannan ya tuɓe kwat ɗin ya rataye, ya ce a ƙara masa kofi.