Malam Kabo Kafinta, Mai Sauraron Ƙarfe

Ranar Talata, 11 ga Oktoba, 1977, da hantsi, ina gona a Gafasa muna cirar gyaɗa, saƙo ya iske ni cewa Allah ya karɓi ran Malam Kabo Kafinta a gidansa na Toranke, bayan jinyar kwana tara. Na Allah muke, kuma wurinsa kowa zai koma. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa.

Malam Kabo, ni ne Bubayero, wanda ya zo rumfarka da furfura a gemu. Farin da aka yi a 1973 ya ƙarar mini da shanu, ban san wata sana'a ba sai kiwo. Ba ka yi mini dariya ba. Ka miƙo mini zarto biyu, ka ce in zaɓi ɗaya. Na ɗauki mai ƙyalli. Sai ka lanƙwasa shi ka saki, ya tsaya a karkace. Ka lanƙwasa ɗayan, tsoho mai baƙin jiki, ya miƙe nan take. Ka ɗalle shi da farce, ya yi ƙara siririya mai tsawo.

"Ka ji ko? Ƙarfen kirki yana amsawa," ka ce. "Wancan kuwa gwangwani ne aka yi wa haƙora."

Daga baya ƙanenka Haruna ya faɗa mini asalin wannan tsanani naka. A 1963 ka sayo gizago mai araha a hannun wani ɗan koli. Kuna sassaƙar turmi kai da Haruna bakin gizagon ya fashe, ɓarɓashin ya shiga idon Haruna na hagu, idon bai ƙara gani ba. Haruna bai taɓa ɗora maka laifi ba, kai ne ka ɗora wa kanka. Tun daga ranar ba ka yarda wani ƙarfe ya shiga hannun mutum ba sai ka gwada shi.

Duk wanda ke cin kasuwar Ajingi ya san ka da wannan hali. Manomi zai tare ka ya ce, "Malam, duba mini gatarin nan." Ka goga magagari a bakinsa: in ya ci da sauƙi ka ce ƙarfen ya yi taushi, in ya zame ka ce a saya. Ƙota kuwa sai ta itacen marke, kuma sai ka bi jijiyar itacen da ido har ƙarshe. Wasu 'yan kasuwa sun ji haushinka da farko, amma maƙeran kirki sun so ka, domin kayansu ba ya kwana. Na ga ranar da ka bar aikinka ka bi Inna Hure, tsohuwar da ke faskare da kanta, ka sake wa gatarinta ƙota, don ka lura kan yana rawa.

Abin da ya wajaba in faɗa a gaban jama'a shi ne maganar inji. A 1976, da aka soma gina azuzuwan firamare ko'ina a ƙasar Gaya, aikin rufi ya fi ƙarfin hannu. Mu kafintoci shida muka haɗu za mu sayi injin tsaga katako, irin wanda ake juyawa da bel kamar injin niƙa. Aka tura ni da kai Kano. A wani shago aka nuna mana sabo fil, jan fenti, haƙoransa a fili suna walƙiya. Raina ya biya. Kai kuwa tambaya biyu ka yi wa mai shagon: ina murfin da ke rufe haƙoran, kuma in wani abu ya karye ina ake samun madadinsa? Ya soma kame-kame. Ka ja hannuna muka fita.

Wanda ka zaɓa tsoho ne, an yi aiki da shi. Sai da ka sa aka tayar da shi, ka ɗora tafin hannu a kan teburinsa ka ji ko yana karkarwa, ka tabbata murfinsa na ƙarfe ne mai kauri, ka kuma je da ƙafarka wurin masu sayar da kayan gyaransa. Da muka dawo abokan aiki suka ce an tura mu sayen sabo mun ɗauko tsoho. Na bi bayansu, ban tsaya maka ba. Kai dai ka ce, "Ku ba shi damina ɗaya."

Ba a kai damina ba. Wata huɗu bayan haka ina tura katakon maɗaci, hannun rigata ya sarƙe, katakon ya fizge ni gaba. Hannuna na dama ya daki murfin nan da ƙarfin da ya sa fata ta ɗaye. Tsakanin yatsuna da haƙoran babu abin da ya raba sai wannan ƙarfe. Ka kashe injin, ka ɗaure mini ciwon, ka naɗe mini hannun rigar da kanka. Ba ka tuna mini maganar Kano ba, ranar ko bayanta. Da wannan hannun nake rubuta maka ta'aziyya, yatsu biyar cif.

Injin yana nan yana aiki. Azuzuwan da muka yi wa rufi a Toranke da Gafasa babu wanda iska ta yaye. Ina da yaƙinin cewa kowane hannu da ka tsare, da kowane ido, za ka iske ladansa.

Ya Allah, ka gafarta wa bawanka Kabo, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa Aljanna ce masaukinsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinsa Hindatu, da 'ya'yansa Adama da Maiwada, da dukkan jama'ar Toranke. Kai kuma Haruna, ɗan'uwanka ya ɗauki nauyin idonka shekara goma sha huɗu bai sauke ba. Jiya a wurin zaman makoki ka ce ka yafe masa tun ranar da abin ya faru. Mun ji, mun shaida. Allah ya isar masa da wannan magana, ya ba mu haƙurin rashinsa. Amin.